Bayan Hatsi Da Bargo, Wa Zai Karɓi Haihuwa A Sansani?

Duk sa'ad da labari ya iso mana cewa an kori mutanen wani gari daga gidajensu, mun san abin da muka saba yi. Shugaban ƙungiya ya kira taro, kowa ya kawo mudun masara ko na dawa gwargwadon ƙarfinsa, mata su tara tsofaffin zannuwa da tukwane, a nemi mota a kai. Wannan abu ne mai kyau, kada mu fasa. Amma akwai tambaya guda da ban cika jin an yi ta a irin wannan taro ba. A cikin mutanen nan da suka gudu, mata nawa ne ke da ciki, wa kuma zai tsaya a kansu ranar da naƙuda ta zo?

Ciki ba ya jiran yaƙi ya ƙare. Macen da ta bar gida da cikin wata bakwai za ta haihu bayan wata biyu, ko a ajin makarantar firamare aka sauke ta, ko a gindin itace, ko a hayin iyakar wata ƙasa inda ba ta jin harshen kowa. Ra'ayina shi ne, kula da irin waɗannan mata sana'a ce sosai wadda ake shiga makaranta a koya, mutum ya yi rayuwarsa duka a cikinta. Ya kamata ƙungiyoyinmu na manoma su fara tura 'ya'yansu mata su koye ta, da kuɗin ƙungiya in ta kama.

Bari mu fara da lissafi, gama manomi ya fi yarda da abin da aka auna. Masu shirya aikin agaji suna da ƙiyasin da suke aiki da shi kafin a ƙidaya kowa. A cikin mutum 10,000 da suka taru a wuri ɗaya, sukan ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu mata ne da ke cikin shekarun haihuwa, za a kuma haifi jarirai wajen 400 a shekara. A cikin kowace haihuwa 100, wajen 15 za su zo da matsalar da sai an sami gwani a kusa. To, mu ɗauki sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo a arewacin Kamaru. An buɗe shi a shekarar 2013 domin mutanen Nijeriya da suka tsere wa Boko Haram, da yawansu daga Gwoza da ƙauyukan bayan dutse, a shekarar 2023 kuwa mutanen cikinsa sun haura 70,000. Bisa wancan ƙiyasi, haihuwa ce wajen 2,800 a shekara, watau bakwai ko takwas kowace rana, fiye da 400 a cikinsu kuma masu hatsari. A gabashin Chadi abin ya fi haka nesa. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, zuwa ƙarshen 2024 mutum fiye da 700,000 suka ƙetaro, yawancinsu ta garin Adre, kusan dukansu kuwa mata ne da yara.

Abin mamaki, duniya ta daɗe ba ta yi wannan lissafi ba. Shekara da shekaru aikin agaji abinci ne, da ruwa, da tanti, da rigakafin ƙyanda. Mace mai ciki ana lissafa ta baki ɗaya ne cikin masu cin abinci. Sai a 1994 wata ƙungiya mai kula da mata da yara 'yan gudun hijira ta fitar da rahoto bayan ta zaga sansanoni a ƙasashe dabam dabam, ta nuna yadda aka yi watsi da wannan fanni. A watan Satumba na shekarar aka yi babban taron duniya a kan yawan jama'a da ci gaba a Alƙahira, inda ƙasashe 179 suka yarda cewa lafiyar haihuwa hakkin kowace mace ne, har da wadda ke gudun hijira. A 1995 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, UNHCR mai kula da 'yan gudun hijira da UNFPA mai kula da al'amuran yawan jama'a, suka haɗu da ƙungiyoyin agaji suka fara tsara abin da dole a tanada tun daga kwana biyun farko na kowane tashin hankali. Ashe ke nan sana'ar da nake magana a kanta ba ta fi shekara talatin da 'yan kai da samun suna ba. Da yawa daga cikinmu mun girme ta.

Mene ne ke kashe mace wajen haihuwa? Ba asiri ba ne, an san su sarai. Na farko shi ne zubar jini bayan haihuwa. In mahaifa ba ta tsuke ba bayan mabiyiya ta faɗo, jini yakan yi ta zuba, mace lafiyayyiya kuwa tana iya mutuwa cikin awa biyu. Akwai jijjiga, wadda hawan jini na masu ciki ke kawowa, wadda a ƙauye sau da yawa akan ce iska ce. Akwai doguwar naƙuda, inda kan yaro ya kasa wucewa, mace ta kwana biyu ko uku a durƙushe, in ta tsira da rai sau da yawa yaron ya tafi, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Akwai zazzaɓin jego da ƙazanta ke kawowa, da kuma ɓari ko zubar da ciki da aka yi a ɓoye da kayan da ba su da tsabta. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata wajen 260,000 suka mutu a duniya a 2023 saboda ciki da haihuwa, wajen 75,000 daga cikinsu a Nijeriya. Wannan fa ga waɗanda yawancinsu ke zaune a gidajensu. Sai ku auna wadda ta yi kwana huɗu tana tafiya da ƙafa, jininta ya riga ya yi ƙasa saboda yunwa da zazzaɓin cizon sauro, uwarta da surukarta da tsohuwar ungozomar unguwarsu kowa ya yi nasa wuri.

Maganin waɗannan abubuwa kuwa ba mai tsada ba ne, a nan ne abin ke da ciwo. Allurar oksitosin da ake yi wa mace da zarar yaro ya fito tana sa mahaifa ta tsuke. Matsalarta ɗaya, tana son sanyin firji, zafin rana yana kashe ƙarfinta, shi ya sa inda babu wuta akan yi amfani da ƙwayoyin misofurostol waɗanda ke jure zafi. Ga jijjiga akwai allurar magnesiyam salfet. A 2023 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin jagororinsa. Abin da suka gwada shi ne shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin a ga ainihin yawan jinin da ya zuba, maimakon a kimanta da ido. Da ya kai rabin lita, watau cikin ledar ruwan sha guda, sai a haɗa dukan magungunan a ba ta gaba ɗaya, ba a bi su ɗaya bayan ɗaya ana jira ba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. A asibiti aka yi wannan, ba a sansani ba, amma darasinsa ya shafi ko'ina: leda da allura ba sa aiki da kansu. Sai akwai hannun da ya san lokacin da za a ɗauke su.

Wani zai ce, to ai wannan aikin ungozoma ne, mene ne kuma "lafiyar jama'a"? Bambancin kamar na manomi ne da malamin gona. Manomi yana duban gonarsa, malamin gona yana duban gonakin gunduma duka, yana tambaya me ya sa tsutsa ta fi cin na gabas. Ungozoma tana tare da mace guda a ɗakin haihuwa. Ma'aikaciyar lafiyar jama'a tana riƙe da littafi. Ta san mata masu ciki nawa ne a kowace shiyya ta sansani, nawa suka zo awo, nawa suka haihu a tanti ba a ɗakin haihuwa ba. In mace ta mutu, ba ta tsaya ga ta'aziyya kaɗai, takan bi sawu. Masana sun ce jinkiri iri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawara a gida cewa a nemi taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Sai ta gano wanne ne ya ci wannan mace. Mijin ne ba ya nan, ba wanda ya ba da izini? Ƙofar sansani ce ake kullewa da dare? Motar asibiti ce ba ta da mai? Ko an isa ne ba a sami jinin ƙari ba? Kowace amsa tana da nata gyara, ba kuwa allura ce gyaran kowace ba. Wani lokaci zama ne da shugabannin shiyya, wani lokaci fitila ce a hanyar bayan gida domin 'yan mata su daina faɗawa hannun mugaye da dare.

Wannan riƙon littafi yana biya. A 2002 wasu masu bincike suka buga abin da suka samu a sansanoni 52 cikin ƙasashe 7, sansanonin da suka riga suka zauna, gudun farko ya wuce. Suka tarar a yawancinsu mutuwar mata masu haihuwa da ta jarirai ba ta kai ta ƙasashen da mutanen suka baro ba, ba ta ma kai ta ƙasashen da suka sauke su ba. Dalili a fili yake: asibiti yana kusa, kyauta ne, akwai mota, akwai mai ƙidaya. Wannan ya nuna mutuwar mai gudun hijira wajen haihuwa ba dole ba ce. Ya kuma kamata ya ba mu kunya kaɗan game da ƙauyukanmu da ba wanda ya kore mu daga cikinsu.

In kuna son ganin yadda rayuwa guda take in an ba da ita ga wannan aiki, ku dubi Likita Cynthia Maung. 'Yar ƙabilar Karen ce ta ƙasar Burma, wadda yanzu ake kira Miyanma. A 1988 sojoji suka murƙushe masu neman mulkin farar hula, ita ma ta gudu, ta ratsa daji da ƙafa zuwa iyakar Tailan. Ita kanta 'yar gudun hijira ce ke nan. A 1989 ta buɗe ɗan ɗakin shan magani a wani tsohon gini a garin Mae Sot, tana dafa kayan aikinta a tukunyar dafa shinkafa domin kashe ƙwayoyin cuta. Wurin nan, da ake kira Mae Tao, ya girma har ya zama inda dubban mata ke haihuwa. Amma abin da ya fi burge ni ba girman ginin ba ne. Ta gane da wuri cewa hannunta biyu ne kawai, sai ta shiga koyar da matasa daga cikin 'yan gudun hijiran kansu, su zama ungozomomi da ma'aikatan lafiya, waɗansunsu su goya magani a jaka su koma ƙauyukan da ke cikin daji. Asibitin ya kuma kula da rubuta haihuwar kowane jariri, gama yaron da aka haifa a gudun hijira ba takarda yana iya girma ba ƙasar da ta san da shi. A 2002 aka ba ta lambar girma ta Magsaysay, wadda ake ji da ita a nahiyar Asiya.

Mu ma wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Tsofaffinmu za su tuna shirin lafiyar karkara da aka fara a Garkida a 1974, inda ƙauye da kansa yake zaɓen mutanensa a tura su horo, su komo suna koyar da tsabta da kiwon lafiya ta hanyar labarai da waƙoƙi cikin harshen gida. Abin da ya sa ya karɓu shi ne mai koyarwar ɗan gari ne. Haka yake a sansani, har ma ya fi. Macen da aka yi wa fyaɗe a hanyar gudu ba za ta faɗa wa baƙon namiji ta bakin tafinta ba. Alhali kuwa lokaci yana ƙure mata: maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. In akwai mace a ɗakin shan magani mai jin Glavda ko Mafa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa, mai riƙe asiri, za ta zo. In babu, za ta yi shiru, kwanakin su wuce.

Na san akwai masu jin nauyin wannan magana, musamman in aka zo kan tazarar haihuwa. Waɗansu suna ganin dabara ce ta baƙi don a rage mu. Ni dai abin da na sani shi ne, kakanninmu ba su jira Bature ya gaya musu ba. Mace takan yi goyon shekara biyu kafin yaye, wadda ta yi kwanika kuwa har zolayarta ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wanda ya san gona tana son hutu bai kamata ya yi gardama a kan wannan ba. A sansani, inda iyali duka ke kwana a tanti guda, abincin kuma awo ne, tsohuwar al'adar mai jego ta tafi gidan iyayenta ba ta yiwuwa. Ma'aikaciyar kirki ba ta tilasta wa kowa. Takan bayyana hanyoyin da ke akwai, mace da mijinta su zaɓa, ko su ƙi.

Sai maganar hatsari, wadda ba zan ɓoye wa iyaye ba. Ranar 1 ga Maris 2018 aka kai hari garin Rann a Jihar Borno, inda dubban waɗanda aka kora daga ƙauyukansu suke zaune. Aka sace ma'aikatan lafiya mata, cikinsu da ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman. An kashe Saifura a watan Satumba, Hauwa a watan Oktoba na shekarar. Dukansu ba su wuce shekara 25 ba. Uban da ya ji wannan ya ce 'yarsa ba za ta je ba, ba zan ga laifinsa ba. Abin da zan ce kawai shi ne, ba kowane wurin aiki ne bakin daga ba. Yawancin 'yan gudun hijira suna zaune ne a wuraren da ƙura ta lafa, da yawa ma ba a sansani suke ba, suna cikin garuruwa da ƙauyuka irin namu, kamar mutanen Kamaru da suka shigo Taraba, Binuwai da Kuros Riba tun 2017, ko mutanen Zamfara da Sakkwato da suka ƙetara zuwa yankin Maraɗi tun 2019. Yarinyar da ta koyi aikin, ita da iyayenta ne za su zaɓi inda za ta tsaya.

Me ya sa nake ɗora wannan kaya a kan ƙungiyar manoma, ba a kan manyan hukumomi ba? Domin mun ga abin da ya faru a 2025. Gwamnatin Amurka ta janye kuɗin da take ba UNFPA, ta kuma rushe hukumarta ta ba da agaji a ƙasashen waje, ɗakunan haihuwa da dama a wuraren rikici suka rage aiki ko suka rufe. Ma'aikacin da aka kawo da jirgi, jirgi ne zai mai da shi ranar da kuɗi ya ƙare. Wadda ta tashi a cikinmu, ilimin yana kanta, ko albashi ya tsaya tana nan.

Hanyar shiga ba ɓoyayyiya ba ce. A Nijeriya yarinya tana bukatar sakamako mai kyau na gama sakandare a Turanci, Lissafi da darussan kimiyya uku, watau na halittu, na sinadarai da fiziks. Daga nan akwai makarantar ungozoma ta shekara uku, akwai kuma gajeren horo na ungozomar karkara wanda aka shirya domin wadda za ta koma ta yi aiki a yankinsu. Akwai kwalejojin koyon aikin lafiya inda ake horar da ma'aikatan lafiyar al'umma shekara biyu ko uku. Wadda ta yi 'yan shekaru tana karɓar haihuwa, ta ga tana da kan lissafi, tana iya ci gaba zuwa jami'a ta karanta lafiyar jama'a. Ni da za a bi tawa, kada ta fara da jami'a. Wadda ba ta taɓa tsayuwa a kan mai zubar jini da tsakar dare ba, littafin ƙidayarta lambobi ne kawai. In kuma ta sami zarafin koyon Faransanci, ta koya, gama Nijar, Chadi da arewacin Kamaru da shi ake aikin asibiti.

Za a ce, in mun kashe kuɗi a kanta sai ta yi aure ta bi miji, ko ta tafi birni, ko ma ƙasar waje. Yana faruwa, har gwamnati ma tana kuka da shi. Amma mu da muke ba da bashin taki muna karɓa da kaka mun san yadda ake rubuta yarjejeniya. A rubuta cewa za ta yi wa yankin aiki shekaru daidai da waɗanda aka biya mata, in ta fasa iyalinta su mai da kuɗin kaɗan kaɗan a tura wata. Kada kuma mu tsaya ga 'yan mata kaɗai. Matar aure mai 'ya'ya biyu wadda ta gama sakandare, mijinta kuma manomi ne a cikinmu, ta fi wuyar tashi. Ƙungiya ɗaya ba lalle ta iya ɗaukar nauyin ba, amma ƙungiyoyi biyar ko shida na gunduma guda, kowace ta ware buhu biyu ko uku da kaka, za su iya. In a cikinmu akwai iyalan da aka koro suka zauna tare da mu, a fara duba 'ya'yansu. Sun san hanyar da aka bi, sun san harshen, ba kuma sai an yi musu dogon bayani a kan abin da mace ke ji sa'ad da naƙuda ta kama ta a inda ba nata ba.

Kafin a yaye ta farko shekara uku ne ko fiye, masu ciki kuwa ba za su jira ba. Akwai abin da matan ƙungiya za su iya haɗawa tun bana, irin ƙunshin da hukumomin agaji ke raba wa duk macen da cikinta ya fito: sabulu guda, leda mai faɗi ta shimfiɗawa, sabuwar reza da ba a buɗe ba, zare mai tsabta na ɗaure cibiya, safar hannu, da zane biyu, ɗaya na goge jariri ɗaya na rufe shi. A ɗaure kowane ƙunshi dabam, a nemi ma'aikaciyar asibitin da ke kusa ta duba kafin a rufe. Wannan ba ya tsai da jini, ba ya kuma maye gurbin asibiti, amma yana kare uwa daga zazzaɓin jego, yana kare jariri daga ciwon sarƙewar haƙora da ke shiga ta cibiya. Ranar da za a loda masara a mota, a ɗora ƙunsunan a sama inda ba za su jiƙe ba, wanda zai raka kayan kuma ya tafi da littafi ya rubuto mana mata nawa ne masu ciki a wurin, da nisan asibitin da ake yin tiyata.